Muryar Inno a Shafin Laburare

Malam Sadisu,

Gaisuwa daga Alƙahira. Ya iyali, ya ɗalibanmu na Yashe? Ni lafiya lau, abincinsu ne dai bai karɓe ni ba.

Jiya kewa ta sa na buɗe shafin laburaren da na damƙa maka, in ji tatsuniyoyin kakata, marigayiya Inno. Sai ga muryar na'ura! Ƙanwata Rahma ta ce kai ka goge tata, wai "shina" da "ɗiya" ba Hausar jarrabawa ba ce.

Haba Malam! Bisa tabarmarta muka ɗauki muryar nan, kana shan furarta.

Don Allah duba tsohuwar wayarka ko da saura. Ni ba ni da inda zan ƙara jin ta.

Allah shi kyauta.

Rufa'i