Mundayen Inna Sun Tsira

Yaya Hajara,

Gaisuwa daga ƙanwarki Rabi a Gusau. Ya jiki, ya Alhaji da yara?

Allah ya ƙara wa ƙanenmu Sani basira! Kallo ɗaya ya yi wa mundayen marigayiya Inna da suka yi baƙi, ya ce ƙarfe ne, har ya kira ɗan gwangwan. Sai na tuna dabararki, na jiƙa su a ruwan tsamiya, na goge da toka. Azurfa ce, fara tas! Allah ya saka miki, Yaya. Ba don ke ba, da sun tafi a baro.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Yanzu kuma Sani ya ce a ba matarsa ɗaya. Ƙarfen zan ba ta ko azurfar?