Dutsen da Na Ɗauko Maka a Qixinggang

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Yau wata biyar da muka kai ka makwancinka a nan Guangzhou, kuma akwai maganar da nake riƙe da ita, ta ishe ni.

Labarin gida tukuna. Umma lafiya lau, sai ƙafar nan tata. Matarka Rabi ta fita takaba, ta koma Fagge da yaran. Kayan yara da ka zaɓa a kasuwar Shisanhang sun isa Kano kafin salla, sun kuma shige, har ruwan ɗorawar da na ce ba mai saye. Kujerarka a ofishinmu na Tianxiu wani ɗan Maraɗi ne a kai yanzu. Mutumin kirki ne, sai dai surutu.

Ka tuna tsaunin nan naka na Qixinggang? Kai da ka yi digiri a ilimin duwatsu ka ƙare a sayar da wandunan yara, duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ka ja ni can. Jan dutse ne kawai a tsakiyar gari, da wani ɗan kogo a gindinsa kamar an ɓantari burodi. Ka ce a zamanin da ƙanƙara ta rufe wani sashe na duniya teku ta ja baya, da ƙanƙarar ta narke ruwa ya dawo har nan, igiyarsa ce ta ci dutsen haka. Kana bayani ina latsa waya. Abu ɗaya dai ya shiga kunnena, don ka faɗe shi ya fi sau goma: an kewaye wurin da shinge ne saboda ko tsakuwa ba a ɗauka, in kowa ya ɗauki ɗaya jikokinmu ba za su tarar da komai ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, likitoci suka sa maka robobi a hannu biyu suka hana ka taɓa ruwa, ka ce in samo maka dutsen taimama. Ba tayil ba, ba siminti ba, dutsen Allah. Yaya, kwana biyu ina yawo. Garin nan duk gilashi ne da kankare, duwatsun lambu ma an kafe su da siminti. Duk shagon da na shiga na kwatanta da hannu, sai a ce min meyo, babu. Kai kuma kana kwance kana lissafin sallolin da suka wuce ka, kuma na ga abin ya fi ciwon damunka.

A rana ta uku, bayan la'asar, na je Qixinggang. An ɗauke ruwan sama ke nan, ba kowa. Na tsallaka shingen na ɗauki guntu ɗaya da ya faɗo a bakin kogon, daidai tafin hannu. Na ce maka a wurin da ake haƙa gini a unguwar Xiaobei na tsince shi. Ka jujjuya shi, ka murza da babban yatsa, ka kalle ni, ka sa min albarka. Ƙarya na yi maka, kuma da dutsen ka yi salla har kwana ashirin da uku.

Bayan rasuwarka na tambayi wani malami, ban faɗi suna ba. Ya ce sallar ta yi, laifin yana kan wanda ya ɗauka. Na ce to, wannan da sauƙi.

Sai Umma ta ji labarin dutsen a bakin Rabi, ta ce in aiko mata. Ba ta ga gawarka ba, ba za ta ga kabarinka ba, wannan ne abu na ƙarshe da hannunka ya taɓa. Wa zai hana ta? Na ɗauko shi zan naɗe a hularka, na kifa shi, sai ga filastar asibiti a manne a ƙarƙashinsa, da rubutunka, irin yadda kake wa duwatsunka na makaranta alama. Ka rubuta: Qixinggang. Aro ne. Salisu ya mayar.

Ashe ka sani tun ranar farko. To ni da wace dabara na zaci zan ruɗe ka da jan dutsen da ka fi sani a duk ƙasar Sin? Me ya sa ba ka yi min faɗa ba, kai da ko biro na ɗauka a teburinka sai ka yi magana? Kwana ashirin da uku ina zaune a gefenka ina jin kunya a ɓoye, kana kallona. Wallahi na ji haushinka, Yaya, daga baya kuma na yi kuka.

Sati uku na yi ina juya maganar. Duk kiran da Umma ta yi sai ta tambaya ko na samu mai tafiya. A ƙarshe na faɗa mata gaskiya duka. Ta ce halinka ke nan, Yaya, tun kana yaro, ta kashe wayar. Kwana tara ba ta ɗauki kirana ba. Yanzu tana ɗauka, amma ba ta sake tambaya ba, ni ma ban tayar ba. Filastar na ɓare na aika mata a cikin hular.

Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, na mayar da shi. Wannan karon ban tsallaka ba, hannu na zura ta shingen na ajiye shi iya inda na kai. Ba daidai wurinsa ba ne, ka yi haƙuri. Gefe ɗaya ya yi duhu ya yi santsi saboda tafin hannunka, na bar wannan gefen yana kallon sama. Wani mai irin karatunka zai zo wata rana ya duba, ya ce aikin teku ne.

Allah ya karɓi sallolin nan, ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Ƙaninka da ya mayar da aro,
Salisu