Kada Ki Aiko Mini da Labari

Zuwa ga jikata Barewa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a sansanin horo. Da hannuna na rubuta wannan. Da na ji an zaɓe ki gasar gudu ta maraton, har shagon tela na je na yi shela.

Amma jiya a ajinmu na yaƙi da jahilci na yamma na tambayi malam ma'anar kalmar. Ya ce sunan wani filin yaƙi ne na zamanin da. Wai daga can wani ɗan aike ya sheƙo a guje da albishir, yana cewa "mun yi nasara" sai ya faɗi matacce. Kin san yadda ubanki ya yanke jiki a filin ƙwallo bai tashi ba. Ki dawo gida.

Kakanki.

Angona tsoho,

Ina gaisuwa da ladabi. Wa ya aike ka tambaya? Likita ya auna zuciyata, ya ce ta fi taka ƙwari. Ba zan janye ba. Ka sa mini albarka kawai.

Amaryarka, Barewa.

Barewa,

Gaisuwa. Na yi ta juya maganar, na gano wani abu. Mutumin nan bai mutu yana gudu ba, sai da ya buɗe baki da labari. To idan kin gama, ki zauna, ki sha ruwa, kada ki ce uffan. Ni ma kada ki aiko mini da komai.

Allah ya tsare. Kakanki.

Barewa,

Ko gaisuwa na kasa. An gama gasa, shiru. Rediyo ya ce an kwashi 'yan gudu zuwa asibiti, bai faɗi suna ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko ɗan aike ne. Tabarmar ubanki na naɗe na ɓoye, ba na iya kallonta. Na janye maganata. Don Allah, ko layi ɗaya.

Kakanki.

Kaka,

Barka da gida. Ba kai ka ce in yi shiru ba? Kofi dai ya wuce ni, farcen ƙafata ya fita, amma na kai ƙarshe da ƙafafuna.

Taka, Barewa.

Amaryata,

Alhamdu lillahi! Da wasiƙarki a hannu na ruga shagon tela babu takalmi, ina ihu "tana nan da rai!" Sai na tuna da ɗan aiken nan, na yi maza na zauna a kan benci. Tela ya ba ni ruwa. Ni ma ina nan.

Kakanki.