Jan da Aka Ba Nuriya

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Raina a ɓace yake. Wata biyu na yi ina gina lojisiyel, wato manhajar da ke gwada kod ɗin kwamfuta na ɗalibaina, don kada wani ya ce Mushe Hama ya yi son kai. Ka ba shi aikinka, ya nuna kore ko ja, shi ke nan. Wanda ya samu kore yau, sunansa zai shiga takardar masu zuwa horo Yamai, wadda zan aika ran Juma'a. Aikin kuwa mai sauƙi: a jera manyan motocin da ke jira a tasha bisa lokacin isowarsu.

Huɗu sun samu kore. Nuriya, wadda ta fi kowa kaifin kai a ajin, ja. Ni da na sa rai da ita tun bara!

Ta miƙe ta ce, "Mushe, kod ɗina daidai yake." A gaban kowa. Na ce ta zauna.

Talata, 7 ga Oktoba

Yacuba, abokin aikina, ya buɗe aikinta ba tare da na sa shi ba. Ashe a cikin gwajin akwai motoci biyu da suka iso minti ɗaya, ta siminti da ta kifin Tunuga. Amsar da na ajiye, wadda kod ɗina ya fitar, ta sa siminti gaba, don lambar motar ce ƙarama. Nuriya kuwa ta sa kifi gaba.

Na kira ta. Ta ce babanta shekara ashirin yana jera motoci a tasha, bai taɓa barin kifi ya tsaya bayan siminti ba in tare suka zo. "Siminti yana wari ne, Mushe?"

Yacuba har da riƙe ciki. Wai, "Hama, wannan abin naka ba gwaji yake ba, hadda yake karɓa." Shi da ko layi goma bai rubuta a ciki ba. Ban ci abincin rana ba saboda haushi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Nuriya ba ta zo ba. Kujerarta ta hana ni koyarwa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tun bayan asuba na zauna a kan lojisiyel ɗin, don in nuna wa Yacuba kuskurensa ne kawai. Na cire ajiyayyar amsar. Yanzu sharuɗɗa yake dubawa, kowanne a wurinsa daban, ana iya ƙarawa ko ragewa ba sai an taɓa sauran ba: kowace mota ta fito sau ɗaya, kuma wadda ta riga isowa kada ta koma baya. In tare suka zo, mai kod ya zaɓa. Na kuma sa ya riƙa ƙirƙiro layin motoci da kansa, kala ɗari biyar.

Na Nuriya kore. Na sauran huɗun ma kore.

Sai na saka nawa, wanda na yi wata biyu ina auna yara da shi. Ja. In motoci uku suka iso tare, ɗaya ɓacewa take yi. Sau uku na maimaita. Na ɗora laifin a kan wutar lantarki, na ɗora a kan ordinatar, kwamfutar kanta. Ja dai.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Suna biyar na aika.

Bayan masallaci na bi ta tasha, na tarar da babanta, Malam Sa'idu, yana faɗa da wani direba. Na ce ya gaya mata ta haɗa kayanta. Ya ce, "Mushe, ai ta ce injinka ne bai san aiki ba." Na ce an gyara injin. Ban ƙara komai ba.

Har yanzu ina ganin bai kamata ta yi mini musu a gaban aji ba. Ran Litinin zan rubuta kod ɗin nan nawa mai ɓatar da mota a allo, ita za ta nemo inda ya karkace. In ta tambayi mai shi, to, sai in faɗa.