Zaburar da Aka Ƙarasa a Bakin Kabarinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da begen kina hutawa a wurinsa. Ɗanki Ishaya ne. Inna, na gama karatun.

Kin tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da faston ƙauyenmu ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Ba wanda ya taɓa shi, tsoro ne kawai, kuma ban ga laifinsa ba. Ke ce kika tsaya gaban dattawan ikilisiya kika ce baƙo ko ya daɗe zai tafi, a tura ɗan gida ya koyo aikin fasto. Ban san ni kike nufi ba sai da kowa ya juyo yana kallona.

Ke kika raka ni tashar Rano, da ƙullin ƙuli-ƙuli da daddawa kamar mai tafiya yaƙi. Da motar Alhaji Sule ta tashi kika ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ɗauka zolaya ce irin taki.

Makarantar tauhidin ta 'yan ɗarikar Firesbiteriya ce, can kudu. Na sha Helenanci da Ibrananci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, har kaina ya yi zafi, na ci garin rogo har na daina ƙorafi. Abokan karatuna sun daɗe ba su yarda Bahaushen Kibiya zai zama Kirista ba. Duk ranar da rediyo ya kawo labarin rikici daga Arewa, sai in ga ana satar kallona. A gida ana mamakin addinina, a can ana mamakin yarena. Abin ya yi mini ciwo, ban taɓa gaya miki ba.

Ina tsakiyar jarrabawar ƙarshe kika rasu. Kafin saƙo ya iso ni an riga an rufe ki.

Da na zo aka ba ni labari. Maƙwabcinmu Malam Habu, mai makarantar allo, shi da 'ya'yansa suka taya haƙa kabarin, sannan suka koma gindin ɗorawa suka tsaya har aka gama. Babu fasto. Baba Ɗanjuma, dattijon ikilisiya da idonsa ya daina ganin rubutu, shi ya fara zaburar nan ta "Ubangiji makiyayina ne" da ka. Yana kaiwa tsakiya ta ɓace masa, ya tsaya. Sai matan zumuntar ikilisiya suka ɗauka suka ƙarasa.

Inna, na koyi yadda ake jana'iza a aji, har maki mai kyau na ci. Taki kuwa ba ni nan. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A tsarin da aka koya mana, ba a tura fasto kamar ma'aikacin gwamnati. Ikilisiya ce ke kira, dattawa su ɗora masa hannu su naɗa shi. Kira biyu na samu. Ɗaya daga wata babbar majami'a a birnin can, da gida da wutar lantarki. Ɗayan kuwa Alhaji Sule ne ya kawo shi da baki: wai Baba Ɗanjuma ya ce rufin majami'a na yoyo, mutane sun ragu, amma suna jira. Malamaina sun ce in yi tunani, lokacin ba na wasa ba ne. Na yi tunanin, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Amma na dawo. Ranar Lahadi za a ɗora mini hannu. Ana tashi zan zo bakin kabarinki da littafina, tare da matan zumunta, in fara miki zaburar daga farko. In na kai inda Baba ya tsaya, zan yi shiru in bar matan su ƙarasa.

Allah ya ba ki hutawa, ya ba ni ƙarfin zama inda kika ajiye ni, ya zaunar da mu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.

Ɗanki da ya dawo gida,
Ishaya