Daraktoci Shida a Kaina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi wa kawuna rashin kunya.

Kawu yana da ƙaramin kamfanin sabulu, mu tara ne har da shi da direba. Shekarata bakwai a ɗakin haɗi, soda duk ta cinye min hannu. Bana kasuwa ta buɗe, sai Kawu ya ce dole a gyara tsarin kamfani don mu girma. Ya ɗauko wani ƙwararre mai ƙatuwar jaka, ya yi sati biyu yana yi mana tambayoyi, ya zana akwatuna uku a takarda. Da Kawu ya ga dangi ba za su shiga akwati uku ba, sai ya ɗauki biro ya ƙara. Yanzu daraktoci shida gare mu. Yayana ne na dabaru, mijin Gwaggo na inganci, har ɗan Kawu da bai san warin soda ba an ba shi na bunƙasa. Ni ina can ƙasan takarda, kibiyoyi shida sun nufo kaina.

Kowa da rahotonsa, kowa da taronsa. Na inganci ya ce in rage turare, na kasuwanci ya ce in ƙara. Satin jiya awa huɗu kacal inji ya yi aiki, amma taro biyar muka yi kan yadda za a ƙara yawan sabulu. Ga wani otal ya ba mu odar da ba mu taɓa samun irinta ba, saura kwana goma sha biyu, ko rabi ban yi ba. In ta suɓuce, ni za a nuna da yatsa. Wallahi raina a ɓace yake. Kuma Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya zan kalli idonsa in ce ya yi kuskure?

Wadda Ba Darakta Ba

'Yata, ina taya kamfaninku murna, ya girma sosai a takarda.

Kawunki yana da gaskiyarsa. Wurin da ke bunƙasa yana buƙatar tsari, kuma tsoron ɓata wa dangi ne ya riƙe masa biro. Ke ma kina da naki laifin, kin yi shiru kina hidimar shida har suka ɗauka tsarin yana aiki.

Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki same shi shi kaɗai, ki faɗa masa ranar da otal ke jira da adadin kwalayen da suka rage. Ki roƙe shi a dakatar da taro har oda ta fita, ya kuma zaɓi mutum ɗaya da za ki riƙa karɓar umarni daga gare shi. Sauran biyar ɗin a raba musu safar hannu, naɗe sabulu ba ya rage darakta.

Na san irin Kawu, zai so lallashinki da kujera ta bakwai. Ki yi godiya da ladabi, amma kada ki karɓa sai ya faɗa miki wanda zai kunna inji.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa odar ta fita a kan lokaci.