Wa Ya Gaya wa Lauya Ciwona?

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Ni da sauƙi, sai hannun hagun nan da har yau ya ƙi riƙe kofi.

Kin san ni kaɗai ne shaida a shari'ar mai gadinmu, wanda ɗan mai gidan da nake haya ya turo daga bene ya rasu. Ta tagata na gani, da rana tsaka. Marigayin nan shi kaɗai ke leƙo ni kullum ya ce, "Akawu, kana nan ko an wuce?"

Jiya lauyan wanda ake tuhuma ya gaya wa alƙali cewa bara jini ya toshe mini a kai, don haka a kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a auna ko maganata abin kamawa ce. Har ranar da na yanke jiki na faɗi ya ambata. Auta, daga ke sai babban ɗanki kuka san ranar nan. Ban zargi kowa ba, tambaya nake yi.

Yayanki,
Akawu

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Amsarki ta iso, kuma rantsuwar ta yi yawa ga wadda ba a tuhuma ba.

Na je asibitin. Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarki ba. Ta sa na zana agogo, ta ƙwanƙwasa mini gwiwa, sannan ta ba ni kalmomi uku ta ce in riƙe za ta tambaye ni anjima. Na ga tarko ne. Shekara talatin ina ofis, ban taɓa barin magana ba rubutu ba, sai na faki idonta na rubuta su a tafin hannu. Ta gani. Ba ta yi faɗa ba, murmushi ta yi, ta daɗe tana rubutu. Daga nan suka cusa ni cikin wata na'ura mai ƙara suka ɗauki hoton kaina.

Bironta irin na lauyan ne sak. Kuma an ce an ga ɗanki a layin ofisoshin lauyoyi. Me ya kai shi?

Yayanki,
Akawu

Auta ƙanwata,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. An yanke hukunci.

Likitar ta yi mini adalci a kotu. Ta nuna tabon a hoto, ta ce hoto ba ya faɗin abin da ido ya gani, ba za ta ce ƙarya nake ba, amma sabon abu yakan zame mini. Ta faɗi zancen tafin hannun.

Sai lauyan ya ɗaga wata takarda. Roƙo ne ga kotu a bar ni in ba da shaida a zaune, da sunan ciwon da ranarsa. Rubutuna ne, Auta, da sa hannuna. Wata biyu da suka wuce na rubuta. Na juya ta gaba da baya, ban tuna ta ba.

Alƙali ya ce shaidata kaɗai ba ta isa ba. An sallami mutumin.

Ki yafe mini, ki roƙar mini ɗanki. Har yanzu ina ganin hannayen nan biyu a ƙirjin mai gadi, ƙarara. Ki zo ki yi mini kwana uku. Kowace safiya zan ba ki labarin, ke kuma ki saurara ki gaya mini ko yana canzawa. Kada ki ji tausayina ki ɓoye.

Naki har kullum,
Akawu